Tromso: Birnin da Rana Kan Yi Wata Biyu Ba Ta Fito Ba

Ranar 21 ga watan Janairu na kowace shekara, idan agogo ya doshi ƙarfe goma sha biyu na rana, mutane da yawa a birnin Tromso da ke ƙuryar arewacin ƙasar Norwe sukan ajiye abin da suke yi su fito waje, kowa ya fuskanci kudu. Malaman makarantu sukan fito da yara a jere, an naɗe su cikin rigunan sanyi, ba a ganin komai nasu sai idanu da hanci. Abin da ake jira kuwa shi ne rana. Idan an yi sa'a babu gajimare, sai ta leƙo ta wani giɓi tsakanin duwatsu, ta yi 'yan mintoci, ta koma. Wannan ɗan leƙen ya isa a yi murna, a raba wa yara wani ɗan burodi mai zaƙi da ake kira solbolle, wato burodin rana. Rabon mutanen garin da ganin ƙwayar rana tun 21 ga Nuwamba, wata biyu ke nan cif.

Wata huɗu bayan wannan biki sai al'amarin ya juye. Daga wajen 20 ga Mayu har zuwa wajen 22 ga Yuli, ranar da aka yi ta ɗokin gani ba za ta sake faɗuwa ba ko sau ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ƙudura niyyar zuwa wannan birni, ɗalibi ne ko malamin jami'a mai halartar taro ko mai yawon buɗe ido, tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce: a wane wata? Amsarta tana da nauyi, domin tafiya ce mai cin kuɗi, kuma abubuwa biyu da suka fi jawo baƙi, wato hasken nan da ke rawa a sama da dare da kuma rana da tsakar dare, ba su taɓa haɗuwa a lokaci ɗaya ba. Wanda ya je a watan Yuni don ganin na farkon, to, ya yi asarar kuɗin jirginsa.

Inda birnin yake

Tromso yana kan digiri 69 da rabi da ɗan ɗoriya arewa da layin Ikwaita, kimanin kilomita 350 arewa da layin da masana suka zana a taswira suka kira shi Da'irar Aktik. Don mai karatu ya kwatanta, Kano tana kan digiri 12 ne kacal. Tsakiyar birnin tana kan wani ɗan tsibiri, wanda wata gada mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, da aka buɗe a 1960, ta haɗa shi da babbar ƙasa. An ba shi matsayin gari a 1794, mazauna yankinsa kuma sun haura 75,000. Jami'arsa, wadda aka kafa a 1968 aka buɗe a 1972, ita ce jami'ar da ta fi kowace zama arewa a duniya. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can. Daga Oslo, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan sa'a biyu ce a jirgin sama.

Lemo da tsinke da fitila

Mutane da yawa suna zaton sanyin hunturu yana zuwa ne don duniya ta yi nisa da rana. Ba haka abin yake ba. A farkon Janairu, lokacin da Tromso ke cikin duhu, a lokacin ne ma duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a farkon Yuli nisan yakan kai miliyan 152. Asirin yana wani wuri dabam.

A sami lemo, a soke shi da tsinke daga sama har ƙasa, sa'an nan a kunna fitila a tsakiyar ɗaki mai duhu. Lemon shi ne duniya, fitilar ita ce rana, tsinken kuma shi ne sandar da duniya ke juyawa a kanta sau ɗaya kowace kwana. Kada a riƙe tsinken a tsaye cak. A ɗan karkata shi, kansa ya riƙa nuna wata kusurwa ɗaya ta rufin ɗakin, kuma kada a sake wannan saitin. To, sai a zagaya fitilar da lemon a hannu. A wani ɓangare na ɗakin za a ga kan tsinken ya sunkuya wajen fitila, kuma duk yadda aka murza lemon, ɗan kewayen da ke gindin tsinken ta sama ba zai fita daga haske ba. Idan aka isa ɗaya ɓangaren, kan tsinken zai juya wa fitila baya, wannan ɗan kewayen kuma ba zai sami haske ba ko an murza lemon sau ɗari. Tsakiyar lemon kuwa, duk inda aka kai shi, rabin juyawarsa haske ne rabi duhu.

Haka duniya take. Sandarta ta karkata da digiri 23.4, kuma wannan ɗan kewayen shi ne Da'irar Aktik, a kan digiri 66 da rabi. Duk garin da ke arewa da ita yana da aƙalla kwana ɗaya a shekara da rana ba ta faɗuwa, da kwana ɗaya da ba ta fitowa, kuma gwargwadon shigar gari cikin da'irar, gwargwadon yawan waɗannan kwanaki. A lissafin masana taurari, rana tana ƙarƙashin bakin sama a Tromso daga 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu. Duwatsun da ke kudu da garin su ne suke ƙara kusan mako guda a kowane gefe.

Abin da ya fi ruɗa baƙo ma shi ne saurin canjin. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, shi ya sa Bahaushe yake auna shekararsa da ruwa da iska, damina da kaka da hunturu da bazara. A Tromso, cikin watan Maris, yini yana ƙaruwa da minti 8 zuwa 9 kowace rana, wato sa'a guda a mako. A tsakiyar Fabrairu yinin bai cika sa'a 7 da rabi ba. Ranar 1 ga Maris ya kai 9 da rabi. Kafin ƙarshen Afrilu dare ya daina yin duhu sosai, taurari sun ɓace, ba za a sake ganinsu ba sai tsakiyar Agusta ta wuce. A can, haske ne yake raba shekara.

Sanyin bai kai yadda ake tsammani ba

Wanda ya dubi taswira zai ɗauka jini ma daskarewa yake yi a Tromso. Amma matsakaicin awon Janairu da Fabrairu, watanni mafi sanyi, yana tsakanin digiri 3 da 4 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin shi ne digiri 18.4 ƙasa da sifili, a Fabrairun 1966. Wannan sanyi ne ba na wasa ba ga wanda ya saba ɗaura mayafi ya nemi garwashi idan awo ya sauko digiri 12 a cikin hunturu. Amma a gwada shi da garin Karasjok, a cikin ƙasar ta Norwe, kusan a kan layi ɗaya da Tromso sai dai nesa da teku: a can an auna digiri 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Garin Verkhoyansk na Saiberiya kuwa, wanda ma yake kudu da Tromso, ya ga digiri 67.8 ƙasa da sifili a 1892.

Bambancin daga teku yake. Akwai wani ruwan ɗumi da ke kwarara a cikin Tekun Atlantika tamkar ƙaton kogi, yana tasowa daga yankin Gaɓar Meziko, ya bi gefen Amurka, ya ratsa teku zuwa Turai, reshensa ya haura gaɓar Norwe har ƙarshenta. Ruwa abu ne mai jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Wanda ya taɓa tsoma hannu a randa da asubar hunturu ya ji ruwan ya fi iskar waje ɗumi ya san wannan. Duk tsawon lokacin duhu, tekun yana sakin zafin da ya tara, iskar da ke busowa daga kudu maso yamma kuma tana kwaso shi zuwa tudu. Shi ya sa tashar jiragen ruwan Tromso ba ta daskarewa.

Sai dai wannan ɗumi yana da farashi. Iskar da ta biyo ta kan ruwan ɗumi tana ɗauke da laima, idan kuwa ta ci karo da duwatsun gaɓa sai ta zubar da ita. Birnin yana samun kimanin milimita 1,000 na ruwa da dusar ƙanƙara a shekara, Oktoba ne ya fi jiƙa, kuma gajimare yakan rufe sama kwanaki a jere. Dusar takan fara zuba a Oktoba, ta zauna a ƙasa har cikin Mayu. Ranar 29 ga Afrilu, 1997, tudunta ya kai santimita 240 a tashar awo ta birnin, wato ya shanye dogon mutum har da sauran wuri. Kuma da yake awon yakan yi ta kai-da-kawo a kusa da sifili, dusar takan narke ta sake daskarewa, hanya ta koma kamar gilashi. Baƙo ya fi fuskantar haɗarin zamewa ya karye a kan titi fiye da haɗarin daskarewa, shi ya sa ake sayar da wasu ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi.

Akwai kuma wata irin guguwa da takan taso a kan tekun arewa tsakanin Oktoba da Afrilu, idan iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga kan ƙanƙara ta hau kan ruwan ɗumi. Ba ta da faɗi, takan ƙullu cikin 'yan sa'o'i, ta zo da iska mai ƙarfi da dusa mai makanta ido. Kafin zuwan taurarin ɗan'adam ta sha halaka masunta ba tare da gargaɗi ba. Tun 1920 akwai ofishin hasashen yanayi na arewacin Norwe a Tromso, kuma sa ido kan irin wannan guguwa yana cikin manyan ayyukansa.

Lokacin duhu

Mutanen ƙasar suna kiran watannin da babu rana da sunan da ke nufin lokacin duhu, amma sunan ya ɗan yi ƙari. Ko a ranar 21 ga Disamba, da tsakar rana, rana tana digiri 3 ne kawai ƙarƙashin bakin sama. Saboda haka daga wajen ƙarfe tara da rabi na safe zuwa ƙarfe biyu akwai haske irin na bayan sallar asuba kafin fitowar rana, wanda ke zarcewa kai tsaye ya zama na almuru. Idan sama ta washe, kudu takan yi ja da ruwan ɗorawa, dusar ƙanƙara kuma ta rine da shuɗi. Idan kuwa da gajimare, kuma dusa ba ta zuba ba tukuna, kamar yadda yakan faru a Nuwamba, to, duhun duhu ne.

Wannan haɗin duhu da gajimare ya taɓa shiga lissafin yaƙi. A Oktoban 1944 Jamusawa suka kawo babban jirgin ruwansu na yaƙi, Tirpitz, suka girke shi kusa da Tromso. Sojojin saman Birtaniya sun san cewa idan ƙarshen Nuwamba ya zo babu sauran hasken da za su yi saiti da shi. Ranar 29 ga Oktoba suka taso daga Sikotilan, amma gajimare ya rufe jirgin kafin su saki bama-bamansu. Da suka dawo ranar 12 ga Nuwamba sai suka tarar da sama garau, suka kifar da shi, wajen mutum dubu suka mutu.

Jikin ɗan'adam ma yana da nasa lissafin. Agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa da hasken safe yake saita kansa, kuma idan duhu ya yi jiki yakan saki wani sinadari mai suna melatonin da ke kawo barci. Idan babu safiya sosai sai agogon ya rikice, mutum ya kasa barci da dare, ya yi ta gyangyaɗi da rana. Haka nan fata tana buƙatar wani nau'in hasken rana kafin ta ƙera bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, kuma a Tromso wannan hasken ba ya isowa ƙasa daga wajen Oktoba har zuwa Maris, ko da ana ganin rana, saboda ta yi ƙasa da yawa. Mutanen gaɓar sun daɗe da samun mafita tun kafin a san sunan bitamin: man hantar kifi, da wani abincin hunturu mai suna molje, da ake dafa kifi da hantarsa da ƙwansa tare. Mai baƙar fata ya fi buƙatar kula a nan, domin launin da ke kare shi daga zafin rana a ƙasashen zafi shi ne kuma yake rage masa ƙera bitamin ɗin inda hasken ya yi ƙaranci. Ga baƙon mako ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne. Ga ɗalibin da zai shekara biyu kuwa, magana ce ta ganin likita tun da wuri.

Da wannan duka, ba a san mutanen Tromso da zaman ƙunci ba. Wata Ba'amurkiya mai nazarin halayyar ɗan'adam, Kari Leibowitz, ta zauna a birnin daga 2014 zuwa 2015, ta kuma gano cewa waɗanda suke kallon hunturu a matsayin lokacin jin daɗi sun fi samun gamsuwa da rayuwarsu. A cikin Janairu ake yin bikin fina-finai na birnin, wanda aka fara a 1991, har da majigi a fili, yara suna zaune a kan dusa suna kallo da ƙarfe tara na safe, tun da duhun ya wadatar.

Hasken da ke rawa

Abin da ya fi kawo baƙi a watannin sanyi shi ne hasken arewa, wanda mutanen ƙasar ke kira nordlys, masana kuma suke ce masa aurora. Yakan fara kamar wani farin zane da aka shimfiɗa daga gabas zuwa yamma, sa'an nan ya yi kore, ya riƙa naɗewa yana warwarewa kamar labule a iska.

Asalinsa daga rana ne. Kullum rana tana fesar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, suna gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa duniya ƙaton maganaɗisu ce, ƙarfinta yana kare mu daga yawancinsu, amma yana karkata wasu zuwa ƙarshenta na arewa da na kudu. A can sama, tsakanin kilomita 100 da 300, sai su yi karo da iska. Idan suka bugi oksijin sai ya ba da kore, ko ja idan can sama sosai ne. Naitirojin kuma ya ba da shuɗi da shunayya. Hasken yana sauka ne a wani zobe da ya kewaye ƙarshen maganaɗisun duniya, Tromso kuwa a ƙarƙashin wannan zoben yake zaune. Wani masanin Norwe, Kristian Birkeland, wanda ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 a kan wani dutse kusa da garin Alta yana awo, shi ne ya dage cewa daga rana abin yake, har ya ƙera 'yar ƙaramar duniya mai maganaɗisu a ɗakin gwaji ya nuna. Ya rasu a 1917 manyan masana da dama ba su yarda da shi ba, sai a shekarun 1960 da 1970 taurarin ɗan'adam suka gaskata shi. An kafa cibiyar nazarin wannan haske a Tromso a 1928, kuma a 1981 wata babbar na'urar rada ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai ta fara aiki a Ramfjord, kudu da birnin.

Kafin a ga hasken sai abu uku sun haɗu: duhu, da sama mai tsabta, da motsi daga rana. Na farkon kalanda ce take ba da shi, daga farkon Satumba zuwa farkon Afrilu. Na ukun yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11. Zagayen da ya fara a Disambar 2019 ya kai ganiyarsa a wajen 2024, shekarar da a watan Mayunta aka ga hasken har a kudancin Turai. Amma wannan bai shafi Tromso sosai ba, domin wanda ke ƙarƙashin zoben yana ganin hasken ko a shekarun da rana ta lafa. Abin da ya fi amfani a sani shi ne, motsin yakan ƙaru a kusa da ranakun da dare da yini suke daidaita, wato ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, saboda yadda maganaɗisun duniya ke fuskantar na rana a lokacin, kamar yadda masana biyu, Russell da McPherron, suka bayyana a 1973.

Na biyun, wato gajimare, shi ne ƙashin bayan matsalar. Hasken yana can sama da gajimare nesa ba kusa ba, yana iya cika sama da rawa mutum yana ƙasa bai ga komai ba. Shi ya sa masu kai baƙi sukan tuƙa mota sa'a biyu ko fiye zuwa Skibotn, wani kwari da duwatsun Lyngen suka tare wa laimar teku, ko ma su haura zuwa kan iyakar Finlan. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da hotuna. Kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi, ido kuwa ba ya gane launi sosai a duhu, don haka abin da ya fito kore shar a hoto sau da yawa fari-fari ne a ido. Darare ƙalilan ne hasken ke yin ƙarfin da hoto ba ya kai shi kyau. Farin wata ma idan ya cika yakan dushe mai rauni, saboda haka duba kwanan wata kafin sayen tikiti ba ɓata lokaci ba ne.

Rana da tsakar dare

Daga ƙarshen Mayu kuma wata duniya ce dabam. Rana takan zagaya sama kamar mai ɗawafi: da tsakar yini tana kudu, digiri 44 sama da bakin sama, ba ta taɓa tsayawa bisa kai kamar yadda take yi a Kano cikin Afrilu da Agusta ba, da wajen ƙarfe ɗaya saura kwata na dare kuma tana arewa, ta sauko har digiri 3, ta ɗan yi tafiya a kan duwatsu, ta sake hawa. Masu son ganin wannan sukan hau wani keke mai tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa kan dutse mai tsayin mita 421 da ke kallon birnin. Itatuwa sukan yi ganye cikin 'yan kwanaki, lambun tsirrai na jami'a da aka buɗe a 1994 ya cika da furanni, kuma tun 1990 ake yin tseren gudun fanfalaki na dare a watan Yuni ba tare da fitila ba.

Kada dai hasken ya yaudari kowa. Matsakaicin awon Yuli kimanin digiri 12 ne, kuma ko da yake an taɓa kaiwa digiri 30.2 a Yulin 1972, mako guda na yayyafi da hazo a digiri 8 ba abin mamaki ba ne. Akwai sauro a cikin daji, mai cizo amma mara zazzaɓi. Barci kuma sai da labule mai kauri.

Ga matafiyi Musulmi akwai wata tambaya: yaushe ne magariba inda rana ba ta faɗuwa? Daga 2014 zuwa 2018 watan azumi ya yi ta faɗowa cikin waɗannan kwanaki, kuma jama'ar masallacin Alnor da ke birnin, bisa fatawar da suka nema, suka bi lokutan Makka wajen sahur da buɗa-baki da salloli. Da yake watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a farkon shekarun 2030 zai faɗo ne a tsakiyar lokacin duhu, inda tambayar za ta juye. Baƙo ya nemi jadawalin masallacin da zarar ya sauka.

To, wane wata?

Wanda burinsa rana da tsakar dare ne da hawan duwatsu, zaɓinsa a fili yake: tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Amma ga wanda sau ɗaya zai je a rayuwarsa, kuma yake son ya ga ƙasar cikin farar rigarta da hasken sama tare, babu kamar ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. A lokacin rana ta dawo, akwai yini na sa'a 9 zuwa 13 da za a ga gari, dare kuma yana da sauran duhu, dusa ta yi kauri, ga kuma ƙaruwar motsin nan na lokacin daidaituwar dare da yini. Ya ba kansa dare huɗu ko biyar, don gajimare ba ya jin roƙo. Na biyu a daraja shi ne rabin Satumba na ƙarshe, lokacin da ganye ya yi ja da rawaya, sanyi bai kankama ba, tafkuna kuma ba su daskare ba, har hasken yakan bayyana a cikin ruwa. Disamba ya fi suna a tallan masu yawon buɗe ido, amma ɗakin kwana yana tsada, mutane sun yi yawa, kuma duwatsun da aka zo gani sa'o'i kaɗan ake ganinsu. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba kuwa sai wanda aiki ya kai shi.

Maris ɗin ma yana da nasa tarko. Dusar da ta taru a kan gangaren duwatsu hawa-hawa take, kuma idan wani hawa na ƙasa ya yi rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya zaftaro da gefen dutse gaba ɗaya. A Janairun 2019 wasu baƙi huɗu masu sulu a kan dusa suka rasa rayukansu ta haka a kwarin Tamok, kuma yawancin irin wannan haɗari yana aukuwa ne a ƙarshen hunturu, lokacin da haske ya dawo mutane suka yawaita a kan duwatsu. Hukuma tana fitar da gargaɗi kullum mai matakai biyar. Wanda bai iya karanta shi ba kada ya bar hanya sai da ɗan jagora. Tufafi kuma a sa su hawa uku, ulu a jikin fata, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, sa'an nan mai kauri, sa'an nan mai tare iska. Mai tafiya a ƙasa cikin duhu ya rataya ɗan abin nan mai ƙyalli da fitilar mota ke haskawa, kamar yadda yara da manya suke yi a can.

Su kansu alƙaluman sanyi da dusa da aka kawo a sama suna motsi. A 2022 masana daga hukumar nazarin yanayi ta Finlan suka nuna cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Alama ɗaya ita ce ruwan sama a tsakiyar hunturu, inda dusa ya kamata ta zuba. Ga baƙo, wannan ɓacin tafiya ne kawai. Ga makiyayan ƙabilar Sami, waɗanda ke kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, abin ya fi haka: ruwan yakan ratsa dusa ya daskare a ƙasa, ya zama ɓawon da kofato ba ya fasawa, dabba tana tsaye a kan gansakukar da take ci amma ba ta iya kaiwa gare ta, sai makiyayi ya sayi abinci ya kai mata a kan babur ɗin dusa. A makon da ya ƙunshi 6 ga Fabrairu, ranar al'ummar Sami, sukan shigo da barewarsu Tromso a yi tsere, kowane mahayi yana tsaye a kan katakon sulu, dabbar tana jan sa a guje.